Darar Takarda ta Baba da Kaka

Wata Asabar ce a watan Yunin 2004, mako guda da ba mu dogon hutu, ina ɗan shekara tara. Baba ya yanke ciyawar gaban gida tun rana ba ta yi zafi ba, ni kuma na bi bayansa da manjagara na tattara ta wuri guda, ƙafafuna duk sun yi kore. Ya zauna a kujerarsa ta baranda da kofin shayi, ya ninke jarida gida huɗu yadda ya saba, ya ɗora a cinya, ya zaro fensir daga bayan kunne. Na zo na jingina da kafaɗarsa ina shan iska, ba don jaridar ta dame ni ba. Ya karanta wata tambaya ta wasan cike kalmomi da ke cikin jaridar a fili da Turancinsa na tsohon malami, kowace kalma a zaune: "Animal found in Chicago attic." Wato dabbar da aka samu a ɗakin saman wani gida a Chicago, mai harafi huɗu. Ya ɗaga kai yana duban rufin baranda, yana lissafo ɓeraye da jemagu da duk abin da ke iya maƙalewa a rufi. Ni kuwa a lokacin ba na iya karatu da sauri, da yatsa nake bin harafi ɗaya-ɗaya, abin da malamarmu ta shekara tana ƙorafi a kai. Na ɗora yatsa a kan layin ina bi, sai na ga haruffa biyun ƙarshe na Chicago sun manne da biyun farko na kalmar da ke biye, sun ba da "goat". Na ce masa ga akuya nan a tsakiya. Baba ya sunkuya ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Sai ya ƙwala wa Mama kira kamar wani abu ya kama da wuta, ta fito da ludayi a hannu, ya ce ta zo ta ga ɗanta ya kama akuya a Chicago. Daga nan ya miƙo mini fensirin ya ce in rubuta da hannuna. Har ranar ba wanda ya taɓa sa hannu a wasan nan nasa, ko Mama.

Gidanmu yana McLeansville, gabas da Greensboro, inda gidaje ke warwatse tsakanin gonaki da itatuwa, kowa da motarsa, maƙwabci ma sai ka ɗaga murya kafin ya ji gaisuwarka. Ƙaramin gidan katako ne, amma filin bayansa ya ninka gidan sau da yawa, shi ya sa Mama ta nace a kama shi. Baba ya daɗe yana koyar da Turanci a wata makarantar sakandare kusa da Zariya kafin mu taso, ina ɗan shekara uku. A nan kuwa aikinsa a wani katafaren sito ne kusa da filin jirgi, yana tuƙa motar ɗaga kaya daga Litinin zuwa Juma'a, ba mai tambayarsa bambancin wannan kalma da waccan. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba, sai dai duk wanda ya gan shi ranar Asabar da fensir a hannu ya san malamin yana nan daram a cikinsa. Mama kuma tana kula da wata tsohuwar Baturiya 'yar asalin Ingila a Irving Park, unguwar manyan gidaje da dogayen itatuwa. Ana aiko wa tsohuwar jaridun ƙasarsu ta gidan waya, in ta gama da su Mama ta ɗauro na mako guda ta kawo gida ranar Juma'a. Jaridun garinmu ma suna da nasu wasan, amma Baba ya raina shi, don tambaya ce kai tsaye da amsa kai tsaye. Yakan ce wannan jarrabawar 'yan firamare ce.

Mama ce ta sa wa wasan suna darar takarda, sunan ya bi shi. Murabba'i ne da aka yanka ƙananan gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe. Kowane farin gida harafi ɗaya yake ɗauka, kalmomin suna tafiya a kwance da a tsaye suna ratsa juna. Irin wanda Baba yake so, kowace tambaya fuska biyu gare ta. Rabi yana faɗa maka ma'anar amsar, ɗaya rabin yana faɗa maka yadda za ka ƙera ta: ko a hargitsa haruffan wata kalma, ko a karanta ta baya, ko a ɓoye ta tsakanin wasu kalmomi, ko a kawo ma'ana biyu na kalma guda. Sai a ɗinke su cikin jimla mai santsi wadda za ta ja tunaninka zuwa wani wuri dabam. "Ba ƙarya yake maka ba," in ji Baba game da mai tsara tambayoyin, "hankalinka kawai yake ɗaukewa." Kuma cike gidajen rabin aikin ne a wurinsa. In ya gama sai ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango da jan alƙalami, ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar yana duba takardun ɗalibai. Wadda ta burge shi ya ja mata layi biyu, wadda ta yi sauƙi ya rubuta mata "ragwanci", wadda kuma ya ga an karkata doka don a kayar da mai wasa ya rubuta mata "zamba" da manyan haruffa. Sai ya kwafi sharhin a takarda mai tsabta, Mama ta kai wa tsohuwar ranar Litinin, ranar Juma'a ta dawo da amsa cikin rubutu mai rawa. Sun sha saɓani, musamman kan abin da ya cancanci a kira zamba, kuma ba su taɓa ganin juna ba. A sharhin wancan makon Baba ya rubuta cewa ɗansa ne ya samo akuyar. Tsohuwar ta aiko mini da gwangwanin biskit, na yi kwana uku ina ci ina jin kaina wani babban mutum.

Daga nan na samu tawa kujerar a baranda, wani tsohon bokitin fenti da aka kifa. Amma ba a zama sai an gama aiki. Lambun Mama yana bayan gida, a jar ƙasar nan mai tauri da in ta bushe fartanya ke tsalle a kanta: kuɓewa, yakuwa, alayyafo, gauta da barkono, duk daga irin da ta ƙulla a leda ta samo wajen matan coci. Ban ruwa da cire ciyawa nawa ne. Barewa na fitowa daga kurmin da ke bayanmu da sassafe ta cinye ganyen kuɓewa, kurege kuma ya ɗauke tumatir ya ci rabi ya yar da rabi a kan shinge kamar yana tsokana. Muka rataye tsofaffin faifai masu ƙyalli da guntayen sabulu a igiya, barewar ta yi mako guda tana jin tsoro, daga baya ta saba. In an gama wannan sai a wanke ƙafa a zo baranda. Baba ya tara mini marafan kwalba, muka rubuta harafi a cikin kowanne, in an ce a hargitsa kalma sai in zube su a ƙasa ina jujjuyawa har wata kalma ta fito. Da aka koma makaranta na riƙa zuwa da su a aljihu, suna ƙara in ina gudu a filin ƙwallon kwando, har abokaina suka ce kamar akuya mai ƙararrawa. A cikin bas mai ruwan ɗorawa da ke ɗaukarmu a bakin hanya, ba allon talla da nake bari ban juya haruffansa ba. Kafin shekarar ta ƙare na daina bin layi da yatsa, kuma ban san ranar da na daina ba.

Abu ɗaya ne ban damu da shi ba a lokacin, wato Hausa. Iyayena da ita suke mini magana, ina jin kusan komai, amma da Turanci nake amsawa. Haka duk yaran cocinmu suke, iyaye na Hausa yara na Turanci, har an saba ba mai lura. A watan Mayun 2005 Mama ta haifi ƙanwata Murna, sai Kaka, mahaifiyar Mama, ta taso daga gida don ta kula da jego, da niyyar yin wata shida. Gajeriya ce mai ƙarfi, tabaraunta ɗaure da zare, akwatinta cike da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ga littafin waƙoƙin coci wanda bangonsa ya sha ɗinki. Sai da ta girma ta koyi karatun Hausa a ajin zumuntar mata, kuma tana alfahari da shi fiye da komai. Turanci kuwa ko kalma biyar ba ta haɗa. A filin jirgi ta riƙe kumatuna ta kira ni Maigida, ta ce ga ta ta zo, ina kayan lefenta, ina gidan da na gina mata. Na gane wasa take yi, na ji daɗi har cikin raina, amma da na buɗe baki Turanci ne ya fito, guntu, marar daɗi. Ta dubi Mama.

Makonnin farko gidan ya cika da ƙamshin kunun kanwa da ruwan zafi da waƙoƙin da take yi wa Murna wajen wanka. Amma da Mama ta koma aiki, sai ya rage daga Kaka sai jaririya sai ni, ga dogon hutu, ga zafi mai danshi wanda ke manne wa mutum riga a baya. Takan zauna a baranda tana jiran wani ya gifta ta gaishe shi, ba mai giftawa sai motoci. Mai kawo wasiƙa kaɗai take samu ta ɗaga wa hannu. Baba kuma surukinta ne, da safe zai durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ta amsa tana kallon gefe tana kiransa Malam, shi ke nan hirarsu ta ƙare. Ranar Asabar in mun zauna da jarida muna ta dariya, sai ta ja kujerarta can ƙarshen baranda tana gyaran wake. Wata rana da la'asar na shigo shan ruwa, na ji tana yi wa Mama magana a ɗaki. Ta ce a duba mata ko za a iya matso da ranar tafiyarta, Murna ta yi ƙwari, Mama ta warke, ita kuma bakinta ya fara tsami don rashin magana. "Jikan da na ƙetaro teku don in gani," ta ce, "ina masa magana yana amsa mini ta hanci." Mama ta roƙe ta ta bari zuwa ƙarshen wata a gani. Na tsaya a bayan firij da kofi a hannu, na kasa shan ruwan. Ina son matar nan ƙwarai, kuma ban taɓa tunanin ba ta sani ba.

Asabar ta gaba na tambayi Baba ko ana iya yin darar takarda da Hausa. Ya ajiye fensir ya daɗe yana kallona. Ya ce bai taɓa gani ba, amma bai ga abin da zai hana ba. Na faɗa masa wadda nake so in yi wa. Sai ya kafa mini sharaɗi: shi zai ja layukan gidajen, ya kuma duba ko tambayoyina sun yi adalci, amma kalmomin ni zan nemo, kuma ba a bakinsa ba, ba a bakin Mama ba. A gidan mutum ɗaya ya rage, in ba a lissafa Murna ba. Washegari na ɗauki littafi na same ta a lambu tana tsinkar yakuwa. Na yi ta maimaita jimlar a raina tun daga baranda, da na iso na nuna fartanya na ce, "Kaka, mene ne sunan wannan?" Ta miƙe tsaye a hankali, ta dafa ƙugu, ta ce ashe Maigida yana da baki. Ta faɗa mini, ta sa na maimaita sau biyar, ta yi dariyar yadda nake lanƙwasa harshe har da hawaye. Na ji kunya kamar in nutse, amma ban gudu ba. Na ce mata kalmomi nake nema waɗanda ke da ma'ana biyu, ta ɗauka aikin makaranta ne. Da farko ta ce ba ta san su ba, sai kuma suka riƙa zuwar mata ɗaya-ɗaya, tana wanke-wanke, tana goya Murna, ta ƙwala mini kira in zo in rubuta. Gari na tuwo da gari na zama. Fara mai tashi da fara aiki. Wata na sama da wata mace. Kowace kalma kuma sai ta zo da labarinta, shekarar da fara ta cinye musu gero, garin da aka kai ta aure a kan keke. Ni kuma dole in yi tambaya, tambayar kuma dole da Hausa. Mako uku muka yi a haka.

Ranar Asabar ta ƙarshen watan na kai mata takardar, ƙaramar dara mai kalmomi goma sha biyu. Na yi mata bayanin dokokin da gurguwar Hausata, Baba yana can ɗaya ƙarshen baranda ya ɓoye fuska a bayan jarida, amma na san ko layi ɗaya ba ya karantawa. Ta gyara tabarau ta karanta ta farko a hankali: abin da ke ɗauke da kai, kuma akasin sauƙi. Ta taɓa wuyanta, sai fuskarta ta washe. Ta ce ai wannan kacici-kacici ne, me ya sa tun farko ba a faɗa mata ba, ta zauna wata biyu tana zaton wani babban karatu muke yi. Ta karɓi fensir ta rubuta wuya da manyan haruffa masu kusurwa. Ta biyu ta fi ba ta wahala, wadda na ce an hargitsa rami, kunci ya sha. Na kawo mata marafan kwalbata ta jujjuya su a kan zaninta har mari ya fito, ta ɗaga hannu kamar za ta gwada mini. Ta gano kaza a inda na ɓoye ta cikin "haka zan yi". Ta ƙarshe na ajiye a can ƙasa: uwar uwa, kuma lokacin girbi. Ta karanta sau biyu. Ta rubuta haruffa huɗun, sannan ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Ashe ni ma ina cikin takardar."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ta ga yadda Baba yake yi da jan alƙalami, ta ce a miƙo mata shi. Akwai inda na sa baƙi a kwance, da tambayar mutanen da suka zo daga nesa, kuma launin gawayi, na ratsa shi da kaza a tsaye, su biyun suna tarayya a harafi ɗaya. Ta zagaye gidan da ja ta ce wannan ba zai yiwu ba. Harafin baƙi yana da ƙugiya, na kaza ba shi da ita. In an cire ƙugiyar, baƙi sun koma baki, in an bar ta, kaza ta koma abin da ba a taɓa ji ba. Na ce ai kusan ɗaya ne. Ta ce in je in taka kaya in taka ƙaya, in dawo in faɗa mata ko ɗaya ne. Ta tambayi Baba, ba tare da ta dube shi ba, me yake rubutawa in an yi irin wannan. Daga bayan jarida ya ce zamba. Ta rubuta zamba, ta ja layi. Kwana huɗu ta sa ni a gaba a lambu, ina tsinkar kuɓewa ina faɗin kofi da ƙofa, daka da ɗaka, har maƙogwarona ya gane hanya. Wannan ne sharhi na farko da aka taɓa yi wa aikina, kuma har yau ban samu mai tsanani kamarsa ba.

Maganar matso da tafiya ba wanda ya sake tayar da ita. Kujerar Kaka ta taso daga ƙarshen baranda ta dawo tsakiya, ni a kan bokitina tsakaninta da Baba. Da safe mu yi ta Turanci, ina fassara mata tambayoyin tana mamakin wayon mutanen, da hantsi kuma a koma ta Hausa. Kunyar surukai ba ta kau ba, sai dai ta samu hanya. Kaka takan ce, "Maigida, faɗa wa Malam," shi kuma ya ce in faɗa wa Mama, wato Kaka, alhali taku biyu ne tsakaninsu. A haka suka yi makonni suna gardama kan ko "sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu, ni ina kai saƙo ina dawowa da amsa, Hausata tana ƙaruwa ban sani ba. Sai wata Asabar ta ce ita ma ta ƙera tata, in kai wa Malam: ana kwana a kansa, ana faɗa a kansa, harafi huɗu. Baba ya yi murmushin wanda ya saba cin jarrabawa. Azahar ta yi bai samu ba. Da yamma yana wanke mota leɓunansa na motsi. Kaka tana wucewa da Murna a baya tana 'yar waƙa, kamar ba ita ba. Ranar Lahadi a coci, ana tsakiyar wa'azi, kowa ya yi tsit, sai muka ji Baba ya ce "gado" a fili, har mutanen layin gaba suka waiwayo. Mama ta zungure shi da gwiwar hannu. Kaka ta sunkuyar da kai kamar mai addu'a, kafaɗunta suna rawa. A littafinsa mai baƙin bango ya ja wa tambayar layi uku, abin da bai taɓa yi wa wani Bature ba.

Labari ya bazu. Baba ya riƙa buga mana kwafi, ana rabawa a wajen cin abinci bayan sujada, har ya kai shagon Alhaji Sani, wani mutumin Maraɗi da muke sayen garin masara da naman rago a wurinsa. Shi ma ya kawo nasa sharhin. Na taɓa sa biro da tambayar abin rubutu, ya tare mu a bakin kanta ya ce wannan kuskure ne, ba a rubutu da biro, a cikinsa ake zama a yi aiki, abin rubutu kuwa bik sunansa. Baba ya ce a wajenmu ofis ake ce wa wancan. Suka ja, masu sayayya suka rabu biyu, 'yan Nijar gefe 'yan Nijeriya gefe, kowa yana dariya yana rantsuwa nasa ne daidai. Kaka ce ta raba gardamar tana zaɓen kuɓewa. Ta ce a mayar da tambayar haka: a Kano ana rubutu da shi, a Maraɗi ana zama a cikinsa. Alhaji ya ce Kaka ta yi hukunci, ya ƙara mata kilishi a leda, ya manna takardar a jikin firijinsa, ta daɗe a nan har ta yi ja.

Kaka ta cika wata shidanta cif. Ta ga ganyen itatuwa sun koma ja da ruwan ɗorawa sun zube, ta ce ba ta taɓa ganin daji ya yi kwalliya kafin ya tuɓe ba. Muka cire kuɓewar ƙarshe muka shanya, ta ware irin baɗi ta ƙulla wa Mama. Ranar tafiyarta, a watan Nuwamba, sanyi ya fara cizo, ta sa rigar sanyin Baba a kan zaninta. A filin jirgi ta danƙa mini 'yar takarda a ninke ta ce kada in buɗe sai mun koma gida, kuma kada Malam ya taimake ni. Na buɗe tun a mota. Ta rubuta: mace ta tafi ba ta ɗauka ba, naka ne, shimfiɗa ka zauna, harafi bakwai. Na yi ta juyawa har muka iso. Da na shiga ɗakin da ta zauna, komai an kwashe, sai tabarma ɗaya a naɗe a jingine da bango, wadda ta zo da ita daga gida take shimfiɗawa in za ta yi wa Murna tausa. Na faɗi sunanta a fili, na sake faɗi a rarrabe. Ta bar ma. Na zauna a kanta ina dariya ina kuka, Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa wannan mata da ta yi boko da ta kori masu jarida daga aiki.

Bayan haka duk Lahadi in an kira gida sai an ba ni waya, kuma Kaka ba ta ajiyewa sai ta ba ni tambaya ɗaya, amsar sai mako mai zuwa. Shekara bakwai muka yi a haka kafin ta rasu. Yanzu ina zaune a wani gari, tafiyar awa biyu daga iyayena. Gonakin da ke gefen hanyarmu an gina gidaje a kan yawancinsu, Baba ya bar aikin sito, idonsa kuma ya fara gajiya da ƙananan haruffa. Ni har yau ina yin darar, amma a waya, a tsaye, ina jiran shayi ya tafasa. In na kasa, maɓalli ɗaya zan taɓa amsa ta fito, kuma kafin rana ta ɗaga wasu da ban sani ba sun riga sun baza sharhinsu a intanet, kowace tambaya an feɗe ta. Ba na cewa wannan ba shi da amfani. Sai dai a wancan lokacin kalma guda takan riƙe gida ɗungurungum kwana biyu, a ci abinci da ita, a je coci da ita, a yi ta satar kallon fuskar wadda ta san amsar. In na ci karo da kalmar Hausa mai ma'ana biyu a yau, hannuna kan kai ga waya kafin in tuna ba mai ɗauka. Ashe daɗin yana cikin jiran ne, da mutanen da kake jira tare da su.